Neosho: tankar man da ta sha bam ɗin da ba nata ba

Malam Na-Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya da muke zancen yaƙin Midway, gumurzun teku tsakanin Amurka da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu, bakin kowa yana kan manyan jirage masu dakon jiragen sama, su Yorktown da Enterprise na Amurka da Akagi na Japan. Na yi alkawarin kawo labarin wani jirgi da ba a cika ambatarsa ba, to ga shi. Sunansa USS Neosho. Ba jirgin faɗa ba ne, jirgin dakon mai ne na sojin ruwan Amurka, aikinsa ya bi runduna ya shayar da ita a tsakiyar teku.

An ƙera shi a Kearny da ke jihar New Jersey, aka saka shi ruwa ranar 29 ga Afrilu 1939, sojin ruwa suka karɓe shi a watan Agustan shekarar. Tsawonsa mita 169, yana ɗaukar ganga 146,000, gudunsa ya kai kilomita 33 a awa. Sunan wani kogi ne da ya ratsa Kansas da Oklahoma aka sa masa, don al'adarsu ce tankokin sojin ruwa su ci sunan koguna.

Ranar 6 ga Disamba 1941 ya shiga Pearl Harbor, tashar sojin ruwan Amurka da ke Hawai, da man jirgin sama. Washegari da safe, lokacin da jiragen Japan suka faɗo, yana ɗaure a tsibirin Ford, a tsakiyar layin manyan jiragen yaƙi, California ta gefe ɗaya, Maryland da Oklahoma ta ɗaya gefen. Babu kowa a bakin gaɓa da zai kwance masa igiya, sai kyaftin ɗinsa, Kwamanda John S. Phillips, ya sa aka sare igiyoyin. Da ƙarfe 8:42 ya ja da baya, ya wuce dab da Oklahoma wanda ya riga ya kife, ya tsallaka zuwa Merry Point ana ta ruwan wuta. Mutum uku ne kawai suka ji rauni a cikinsa.

Wata biyar cif bayan haka, 7 ga Mayu 1942, a Tekun Koral da ke arewa maso gabashin Ostireliya, Shokaku da Zuikaku, masu dakon jiragen sama na Japan, waɗanda suna cikin jirage shida da suka kai harin Pearl Harbor, suka aiko masa jiragen sama 78, suna zaton mai dakon jiragen sama ne. Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan: a ganina Yorktown da muka yi ta yabo a Midway, Neosho na bin sa bashin rai.

Abu Hafsat:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Kafin a yi nisa ina da ja. Wanda tsautsayi ya faɗa wa daban, wanda ya sadaukar da kansa daban. Ba Neosho ne ya ce a zo a buge shi ba, matuƙin jirgin leƙen asirin Japan ne idonsa ya yaudare shi. Ta ina bashi ya shigo?

Direban Tanka:
Malam, ku dakata in yi lissafi irin namu. Ganga ɗaya lita 159 ce. Ganga 146,000 ta haura lita miliyan 23. Motar da nake ja lita 33,000 take ɗauka. Wato tanka 700 ne a cikin jirgi guda. Duk wanda ya taɓa ganin layin tankoki a bakin dafo ya san abin da 700 ke nufi.

Sannan akwai abin da zan ƙara a kan maganar Pearl Harbor. Na ji wasu na cewa ai ya riga ya sauke man jirgin saman, saboda haka babu hatsari. Wallahi wanda ya faɗi haka bai san aikin ba. Mu tankar da aka juye ta fi ba mu tsoro a kan wadda take cike maƙil, saboda tururin da ya rage a ciki ya gauraye da iska, ƙyastu ɗaya yake jira. Na ga wani mai walda da ya ɗora wuta a jikin tankar da aka ce masa babu komai a cikinta. Murfin saman ya yi sama ya faɗa can bayan katanga, shi kuwa Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau kunnensa ɗaya ba ya ji. Mutumin da ya ja irin wannan jirgi da baya a tsakanin wuta da bam, ni na sara masa.

Malam Na-Tarihi:
Alhaji, in kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Kuma su ma manyansa haka suka gani, don sun ba Phillips lambar jarumta ta Navy Cross a kan aikin wannan safiya.

Abu Hafsat, ja naka yana kan hanya, ban manta ba. Bari a gama shimfiɗa tukuna.

Injiniya Baban Walida:
Malam, a ba ni dama in yi bayanin dalilin da ya sa tanka ke da wannan daraja, don matasanmu su gane. Tekun Fasifik ba kamar Bahar Rum ba ne da tasha ke kusa da tasha. Daga Hawai zuwa Tekun Koral dubban kilomitoci ne. Ƙananan jiragen yaƙi masu gudu, waɗanda ake kira distiroya, in suka yi ta gudu da ƙarfi, kwanaki kaɗan tankinsu ke yi. Mai dakon jiragen sama kuma dole ya juya ya fuskanci iska ya taka wuta duk lokacin da jirgi zai tashi ko zai sauka a kansa, masu rakiyarsa kuma su bi shi. Duk wannan mai ne ke ƙonewa.

Yadda ake shayarwar shi ne abin kallo. Ba tsayawa ake yi ba. Jiragen biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, gudu ɗaya, a jefa siririyar igiya, a ja babba da ita, sannan a rataya tiyo mai kauri a kan ƙugiya a miƙa. Ruwan da ke tsakaninsu yana ta ƙoƙarin ko ya haɗa su ko ya raba su. Mai riƙe da sitiyari ya kauce kaɗan, ko a yi karo ko tiyo ya tsinke baƙin mai ya wanke mutane. Awanni ake ɗauka ana haka.

Kuma shi kansa Admiral Chester Nimitz, babban kwamandan rundunar Fasifik, ya taɓa yin wannan sana'a. A 1917 yana ƙaramin hafsa a tankar Maumee, suna cikin waɗanda suka fara shayar da distiroya a tsakiyar Atlantika a hanyarsu ta zuwa Ailan. Shi ya sa ya san zafin abin. Shi ne ya ce da Japan ta ƙona rumbunan man Pearl Harbor, masu ganga miliyan 4.5, da yaƙin ya ƙara shekara biyu.

Abu Hafsat:
Na gode Injiniya. Amma har yanzu abin na ɗaure min kai. Ta yaya horarren matuƙi zai kalli tankar mai ya ce mai dakon jiragen sama ne? Ai kamar a kalli tirela ne a ce filin ƙwallo.

Injiniya Baban Walida:
Ɗan'uwa, ba nisa sosai tsakaninsu kamar yadda kake zato. Tankoki goma sha biyu aka fara ƙerawa irin Neosho, ana kiransu ajin Cimarron. Huɗu daga cikinsu, Sangamon da Suwannee da Chenango da Santee, a 1942 ɗin nan aka shimfiɗa musu dandamali a sama aka mayar da su masu dakon jiragen sama. Gangar jiki ɗaya ce. To ka ɗauki mutumin da ke can sama, gajimare na rufewa yana buɗewa, an ce masa je ka nemo mai dakon jirage, ya hango dogon jirgi mai faɗi da ɗan rakiya a gefensa. Ido yakan ga abin da zuciya ta fita nema.

Kuma ba Japanawa kaɗai ba. A safiyar nan ɗan leƙen asirin Yorktown shi ma ya aiko saƙo cewa ya ga masu dakon jirage biyu, ashe kuskure ya yi wajen sa saƙon a lambobin sirri. Admiral Fletcher, kwamandan rundunar Amurka a wurin, ya tura jirage 93 a kan wannan labari. Bambancin kawai, su Allah ya ba su sa'a suka yi kiciɓis da Shoho, ƙaramin mai dakon jirage na Japan, suka nutsar da shi kafin azahar.

Malam Na-Tarihi:
To ga yadda ranar ta kasance. Japan na son kama Port Moresby a Niugini, daga nan Ostireliya na gabanta. Fletcher na tare da masu dakon jirage Yorktown da Lexington don ya tare hanya. Neosho ya yi kwanaki yana shayar da rundunar. Da yammacin 6 ga Mayu, da Fletcher ya ga faɗa ya matso, ya sallame shi ya yi kudu, inda ake ganin babu hatsari, ya haɗa shi da distiroya guda mai suna Sims.

Da ƙarfe 7:22 na safe 'yan leƙen asirin Shokaku suka hango su. Admiral Takagi da Admiral Hara, kwamandojin Japan, ba su yi wata-wata ba, suka tashi kusan duk abin da suke da shi: jiragen kariya 18, masu sakin tofido (bam mai gudu a cikin ruwa) 24, da masu kai sura da bam 36, irin waɗanda ke sulmiyowa daga sama kamar shirwa. Jagoransu Kakuichi Takahashi ne, wanda shi ne ya jagoranci masu kai sura a zangon farko na harin Pearl Harbor. Suka iso, suka ga tanka da distiroya, suka yi ta shawagi suna neman babban naman da aka ce musu yana nan. Sai wajen ƙarfe 11 aka tabbatar babu shi. Masu tofido suka juya da kayansu, aka bar masu kai sura su gama da abin da ke ƙasa.

Bam uku suka samu Sims, ya rabe biyu ya nutse nan take. Cikin mutum 192, sha huɗu ne suka rayu. Neosho ya sha bam bakwai, sannan wani jirgi da aka harbo ya faɗo masa a baya da wutarsa. Inji ya mutu, jirgin ya karkace, wuta na ci.

Tsohon Soja:
Malam, nan ne wurin da nake jira, don na san abin da ya biyo baya, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci. Bam bai kashe mafi yawan mutanen Neosho ba. Kalma ce ta kashe su.

Kyaftin ya ba da umarni a shirya barin jirgi, amma a tsaya a jira. Mutanen da suka ga Sims ya ɓace a gaban idonsu, hayaƙi ya turnuƙe, waya ta yanke tsakanin gaba da baya, abin da ya isa kunnensu shi ne "a bar jirgi". Suka jefa katakan ceto a ruwa suka bi su. Har da wasu hafsoshi, waɗanda su ne ya kamata su tsayar da yara.

Na yi shekara ashirin da biyu da kaki. Abu na farko da ake koya wa mai ba da oda shi ne, soja a cikin wuta ba ya jin jimla, kalma ɗaya yake ji, wadda ya fi tsoro ko wadda ya fi so. Na taɓa ganin an ce "a shirya ja da baya", kafin saƙon ya kai mutum na goma rabin layi ya tashi. Ba ragwanta ba ce, haka ɗan Adam yake. Saboda haka ni ina ɗora wa Phillips wani kaso na laifin. Jarumi ne a Pearl Harbor, ban musa ba, amma wannan oda bai kamata ta fita da wannan lafazin ba.

Malam Na-Tarihi:
Baba, ranka ya daɗe, shi ma ya gane haka. A rahoton da ya rubuta bayan an cece su, ya ba da shawarar a cire kalmomin "barin jirgi" daga duk wani umarnin shiri, kada a furta su sai in da gaske barin za a yi. Sai dai a yi masa adalci, lafazin da aka koya masa ne ya yi amfani da shi, ba shi ya ƙirƙira ba.

Tsohon Soja:
Na karɓi wannan. To katakan ceton fa? Me ya hana a jawo su tun ana ganinsu?

Malam Na-Tarihi:
Ya tura kwalekwale biyu masu inji, ya ce su kwaso mutane su kuma jawo katakan. Suka tarar da mutane birjik a ruwa, da yawa a ƙone, suka cika maƙil suka dawo ba tare da sun jawo komai ba. Teku na tashi, rana na faɗuwa, hankali ya koma kan kashe wuta da hana jirgin kifewa. Kuma Phillips ya sakankance cewa gobe masu ceto za su iso su tsince kowa, tunda an aika wa runduna wurin da suke ta rediyo.

Nan kuskure na biyu ya shigo. Hafsan da ya lissafa wurin ya yi kuskure, adadin da aka aika ya kauce da kusan kilomita 70. Distiroya Monaghan da aka tura nema ya je inda aka ce, ya tarar da ruwa kawai. Da kyaftin ya sake lissafin da hannunsa ya gano kuskuren, rediyo ya riga ya mutu. Iska kuma tana ta tura jirgin yamma, tana tura katakan nasu wuri daban.

Mutum 68 ne suka ɗaure katakansu wuri guda. Babu ruwan sha, babu abinci, babu inuwa. Bayan kwana tara distiroya Helm ya same su. Saura mutum huɗu. Biyu daga cikin huɗun ma suka rasu daga baya.

Maman Sadiq:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba, amma wannan ya taɓa ni. Aikin jinya nake yi, kuma na yi shekaru a ɗakin masu ƙuna. Wanda ya ƙone, ruwan jikinsa ta fatar yake tsiyayewa, ƙishinsa ya ninka na mai lafiya. Abin da muke fara yi masa kafin komai shi ne ƙarin ruwa. To a ce irin wannan mutum yana zaune a ruwan gishiri, rana na dukansa, ruwa ko'ina amma in ya sha ƙodarsa za ta fitar da fiye da abin da ya sha, ƙishi ya ƙaru, hankali ya gushe. Ban san azabar da ta fi wannan ba.

Na taɓa karanta labarin wani ma'aikacin jinya a wannan jirgi, ko Malam zai tuna mana sunansa? Wanda ya riƙa iyo yana bin katakan.

Malam Na-Tarihi:
Henry Tucker, Hajiya. Ƙaramin ma'aikacin lafiya ne. Ya ɗebi maganin ƙuna ya shiga ruwa, yana iyo daga wannan katako zuwa wancan yana shafa wa waɗanda suka ƙone. An yi masa tayin wuri ya ƙi hawa don a bar wa masu rauni. Ba a sake ganinsa ba. An ba shi Navy Cross bayan mutuwarsa, daga baya kuma aka sa wa wani distiroya sunansa.

Maman Sadiq:
Allah sarki. Maganin da yake ɗauke da shi tanik asid ne, dangin sinadarin da ke cikin bagaruwa wanda majema ke jima da shi. Yana busar da saman ƙunar ya yi ɓawo. Shi ake yayi a lokacin, kafin likitoci su gano yana taɓa hanta su daina. Amma ni ba maganin nake kallo ba. Majinyacin da ya ga wani ya iso gare shi ya taɓa shi, ko bai warke ba, tsoronsa na raguwa. Mun sha gani.

Abu Hafsat, ƙanena, ka ce tsautsayi daban sadaukarwa daban. Gaskiya ne. Jirgin tsautsayi ya same shi. Wannan yaron kuwa da ƙafarsa ya zaɓa.

Abu Hafsat:
Anti, a kan Tucker ba ni da ta cewa, na sallama.

Injiniya Baban Walida:
A haɗa da Oscar Peterson. Shi ne shugaban masu gyara a ɓangaren tukunyar tururi. Bam ya fasa bututu, tururi mai zafi ya cika wurin, yaransa duk sun jikkata, shi ma ya ƙone. Ya shiga shi kaɗai ya rufe manyan bawul ɗin tururin, ya ƙara ƙonewa a fuska da hannuwa. Wanda bai san tururin tukunyar jirgi ba zai ɗauka irin na butar shayi ne. Wannan yana fita da matsi, wani lokaci ido ma ba ya ganinsa, sai dai ka ji naman jikinka ya tafi. Aikinsa na cikin abin da ya sa jirgin ya zauna a kan ruwa.

Sauran kuma ginin tanka ne. Cikinta ɗaki-ɗaki ne a rufe, in wasu sun fashe wasu na riƙe da iska. Shi ya sa Sims ya tafi cikin mintuna, Neosho kuwa ya yi kwana huɗu a karkace bai nutse ba.

Direban Tanka:
Ni tambayata ga Fletcher take. Kayan da duk runduna ta dogara da shi, ka haɗa shi da ɗan rakiya ɗaya tal? Ko mu nan in hanya ta lalace ba ma tafiya ɗai-ɗai, ayari muke yi.

Tsohon Soja:
Alhaji, a nan kam zan kare shi. Duk distiroyan da ya ba tanka, ya cire shi ne daga gadin Yorktown da Lexington, ga faɗa gobe. Kuma duk labarin da ke hannunsa yana nuna abokan gaba suna arewa. Bai san Takagi ya zagayo ta gabashin tsibiran Solomon ya shigo masa ta baya ba. Wurin da ya ɗauka mafaka ne, shi ya zama bakin kura. Ko distiroya uku ya ba shi, jirage 36 masu kai sura ba za su tsaya ba, sai dai a yi asarar uku maimakon ɗaya.

Malam Na-Tarihi:
Kuma tankokin ma ƙalilan ne a lokacin. An nutsar da Neches a Janairun 1942 kusa da Hawai, har ya sa aka fasa harin da Lexington zai kai tsibirin Wake, don babu mai shayar da shi. An nutsar da Pecos ranar 1 ga Maris kudu da Java. Neosho ne na uku cikin wata huɗu.

Abu Hafsat:
To Malam, mu koma kan bashin. Kun ce Neosho ya ceci manyan jirage. Amma washegari, 8 ga Mayu, Japanawan sun same su, Lexington ya tafi, Yorktown ya sha bam. Kwana ɗaya kawai aka jinkirta. Kuma rashin Neosho na cikin abin da ya sa Fletcher ya janye, don mai ya yi ƙasa. Ni a lissafina asara ce zalla.

Malam Na-Tarihi:
Rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba zan ƙi ta ba. Lexington bai tsira ba, janyewar ma haka take. Amma ka bi zaren nan da ni.

Da Takagi ya gane ya ɓarnatar da safiyarsa a kan tanka, kuma labarin inda Amurkawa suke ya iso, sai ya so ya rama kafin dare. Da ƙarfe 4:15 na yamma ya tura jirage 27 da zaɓaɓɓun matuƙa, babu jiragen kariya, cikin mummunan yanayi. Na'urar rada ta Amurkawa ta hango su, aka tare su, tara ba su koma ba, takwas daga ciki masu tofido ne. Wasu ma cikin duhu suka zo za su sauka a kan Yorktown suna zaton nasu ne.

Washegari da safe, masu tofido 18 kawai Japanawa suka iya tayarwa. Dabararsu ita ce su zo wa jirgi ta hagu da dama lokaci guda, duk inda ya juya ya tarar da tofido. Jirage 18 ba su isa a yi wa manyan jirage biyu haka ba. Sai aka tura 14 kan Lexington, huɗu kan Yorktown. Lexington ya sha biyu. Huɗun Yorktown duk suka kuskure. Bam ɗaya ya same shi, ya koma Pearl Harbor da ƙafarsa, aka yi masa gyaran kwana uku, ranar 4 ga Yuni yana Midway, jiragensa suka ƙona Soryu, mai dakon jirage na Japan. Shokaku kuwa yana gyara, Zuikaku ba shi da isassun jirage da matuƙa, duka biyun ba su je ba.

Yanzu ka mayar da jirage 78 ɗin nan kan Fletcher a safiyar 7 ga wata, da masu tofido 24 cur, a daidai lokacin da jiragensa 93 suka tafi farautar Shoho.

Abu Hafsat:
Na ga zaren, Malam, kuma ya fi yadda na zata ƙarfi. Amma "da a ce" ba tarihi ba ne. Gajimare ya rufe Fletcher a ranar, wa ya tabbatar za su same shi? Zan yarda cewa kuskuren ya amfani Yorktown. Kalmar bashi ce har yanzu ban haɗiye ba.

Malam Na-Tarihi:
Maganar gajimaren gaskiya ce, ya taimake shi ƙwarai a ranar. Mu bar ta a nan, kai ka ce amfani, ni in ce bashi.

Ɗan Gidan Boma:
Salam. Ni baƙo ne a zauren nan, amma labarin ya taɓo gidanmu. Kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kai Boma yaƙar Japan, runduna ta 81, waɗanda suka yi faɗa a kwarin Kaladan a 1944. Abin da ya fi ba mu labari ba dajin ba ne, tekun ne. Makonni a jirgin ruwa, mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi na gulbi ba. Yakan ce da dare ba ya iya barci, sai ya zauna yana jin ƙugin inji, yana cewa a ransa in wannan abu ya yi shiru fa? Ban taɓa tunanin masu kai wa irin waɗannan jirage mai ba sai yau.

Tsohon Soja:
Allah ya jiƙan mazan jiya, ɗana. Ka riƙe labaransa, ka rubuta su tun kana tunawa.

Kuma a duba, yaƙin da kansa a kan mai ya tashi. Amurka ta rufe wa Japan famfo a tsakiyar 1941, alhali kusan kashi 80 cikin 100 na manta daga can yake zuwa. Shi ya sa ta nufi rijiyoyin Borneo da Sumatra. Ta kama rijiyoyin, amma jiragen ƙarƙashin ruwa na Amurka suka bi tankokinta suna nutsarwa, har a 1944 manyan jiragenta suka koma zama a Lingga kusa da Singafo, don man ba ya isa gida.

Maman Sadiq:
Malam, ba ku ƙarasa mana ba. Waɗanda suka zauna a cikin jirgin fa? Kuma shi Peterson ya rayu?

Malam Na-Tarihi:
Kwana huɗu suka yi, Hajiya. Tsirarun mutanen Sims sun iso da kwalekwalensu suka haɗu da su. Kullum jirgin na ƙara nutsewa, ƙarfen bene na lanƙwashewa, masu rauni na mutuwa ana saka su a ruwa. Ranar 11 ga Mayu wajen tsakar rana jirgin sintiri samfurin Catalina ya hango su, distiroya Henley ya iso, ya kwashe mutum 123, wato 109 na Neosho da 14 na Sims. Fiye da rabin ma'aikatan Neosho ba su koma gida ba. Da aka gama kwashewa, Henley ya harba masa tofido, jirgin ya ƙi tafiya, sai da aka bi shi da igwa sannan ya nutse. Aka wuce da mutanen zuwa Brisbane a Ostireliya.

Peterson ya hau Henley da ransa, amma bai kai Brisbane ba. Ya rasu ranar 13 ga Mayu, aka yi masa makwanci a teku. An ba shi Medal of Honor, lambar da babu ta sama da ita a sojan Amurka. Sai dai ba a yi wa iyalinsa wani taro ba, ta gidan waya aka aika wa matarsa. Sai a 2010, bayan shekara 68, sojin ruwa suka je garin Richfield a jihar Idaho suka miƙa wa ɗansa hannu da hannu, shi ma lokacin ya tsufa.